Ƙasar Da Ta Karya Muntari

Ni direba ne, sunana Ɗahiru, layina Jega zuwa Maiyama. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abincin rana a inuwa ɗaya da Muntari da Ɗalha a bakin tasha, kuma ban taɓa gama kwano cikin kwanciyar hankali ba. Muntari dillalin albasa ne, Ɗalha mahauci. Taubasai ne, uwar Muntari da uban Ɗalha ciki ɗaya suka fito, saboda haka zagin da suke wa juna halal ne a wurinsu. Da can a kan 'yan kokawa suke gardama. Tun da aka rantsar da Gwamnan nan sai suka koma kansa, suka tare.

A wurin Muntari, ko kazarka ta ƙyanƙyashe ƙwai goma sha biyu, aikin Gwamna ne. A wurin Ɗalha kuwa, ko ƙuda ya faɗa maka cikin fura, sakacin gwamnati ne. Kowannensu yana da hularsa hana-salla ta kamfe, ta Muntari da hoton Gwamna yana murmushi, ta Ɗalha da tambarin 'yan adawa. Ba sa cire su sai za su yi alwala.

Ranar da abin ya faro, maganar hanyar da ta tashi daga Maiyama zuwa Tungar Gidaɗo ake yi. Muntari ya ji a rediyo cewa an shimfiɗa mata kwalta.

"An gama ta," in ji shi. "Sumul. Ƙwai in ka aje bisanta sai shi gangara har Tunga ba shi hwashe ba."

"Rediyo anka yi wa kwalta," in ji Ɗalha. "Hanya tana nan yadda kakanka yab barta."

Ni ne kaɗai a inuwar nan da ke bin hanyar in an ɗauke ni shata, amma ba wanda ya tambaye ni. Haka gardamar siyasa take, wanda ya sani shi ne ba a bukata.

Muntari ya miƙe, shinkafa a hannu, ya ce in aka samu rami ko guda ɗaya a hanyar nan wanda kaza za ta iya ɓuya a ciki, ya yarda ranar kasuwa ya sa hular Ɗalha ya zagaya tun daga 'yan albasa har mahauta. Ɗalha ya ce shi ma in ya ga kwalta ko da faɗin tabarma, zai sa ta Muntari. Aka tafa a gaban mutane, aka sa ranar Asabar za a je a gani a motata.

Ran Alhamis da hantsi na kai wani shata Tungar Gidaɗo. A kan hanyar dawowa, daidai wata aduwa mai reshe biyu, na hango babur a kwance tayarsa tana juyawa. Akwai wani rami a wurin wanda mu direbobi muke kira Rijiya. Ba kaza ba, ko ɗan maraƙi ya shiga sai an nemi igiya. Na tsaya na leƙa. Murmushin Gwamna na fara gani a kan hula, sannan Muntari a ƙarƙashinta, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ashe zuciyarsa ce ba ta kwanta ba, ya saci jiki ya zo ya duba kafin Asabar.

Na miƙa hannu in jawo shi, ya janye nasa.

"Ɗahiru, kahin ka taɓa ni, rantse."

"In rantse da mi, ƙahwarka ta kare?"

"Rantse ba ka hwaɗa ma kowa inda ka ishe ni. Balle wancan mai wuƙa."

Mutum yana zufa, leɓensa ya yi fari, amma hular Ɗalha ta fi ba shi tsoro. Na rantse, don in ban rantse ba nan za mu wuni. Na ciccibo shi na kwantar a bayan mota, takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓace a cikin ramin, ban tsaya nema ba. Babur na ɗora a but, na bar wa wani mai shayi a Maiyama, muka miƙe Aliero gidan Malam Ya'ƙub mai ɗori.

Malam Ya'ƙub tsoho ne mara yawan magana, ɗori gado ne a gidansu. Ya ja ƙafar, Muntari ya kira sunan uwarsa sau uku, aka jera kara aka ɗaure. Sannan Malam ya faɗi sharaɗin gidansu, wanda ya gada tun daga kakansa: sai an ɗebo ƙasar daidai wurin da mutum ya faɗi, cikin tafin hannu, a kwaɓa da man shanu a shafa a kan karayar. Kuma ɗan'uwa na jini ne zai ɗebo, ba bare ba.

"Ƙasad da tak karya, ita ka ɗorawa," in ji shi. "Ina ka hwaɗi?"

Muntari ya dube ni, na dubi rufin ɗaki.

"Bisa rudu, Malam. Ina gyaran ciyawa, gida."

Rudu shi ne rumfar da ake jibge albasa a kai don ta sha iska. Na Muntari tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba, amma Malam bai san haka ba. Ƙannen Muntari biyu sun bi motar albasa zuwa kudu, don haka ɗan'uwan jinin da ya rage shi ne Ɗalha. Aka kira shi. Ya rufe teburinsa da rana tsaka, ya je gidan Muntari ya ɗebo ƙasar gindin rudu, baƙa, har da ɓawon albasa, ya hau mota ya kawo Aliero. Da ya ga ƙafar sai da idonsa ya kawo ruwa. Amma bai yi minti biyar a zaune ba ya ce da a ce gwamnati ta gina wa manoma ɗakin ajiyar albasa kamar yadda ta yi alkawari, da wani bai hau rudu ba. Muntari ya zabura zai tashi, ya manta da karaya, ya yi ƙara har awakin gidan suka watse.

Haka aka yi ta yi. Tafiyar Asabar aka ɗage ta sai majinyaci ya warke. Ɗalha kuwa kullum bayan la'asar sai ya biyo ni zuwa Aliero da romon ƙashi a kula, wanda matarsa ta dafa. Ya zuba wa Muntari da hannunsa, ya gyara masa matashi, sannan ya soma: takin zamani bai zo ba sai da aka cire albasa, famfon unguwarsu iska yake bayarwa, malaman makaranta kaza da kaza. Muntari kuma ba ya iya kare Gwamna da baki kaɗai, sai ya haɗa da hannu da ƙafa. Ni dai ina kallon karan ɗorin nan yana motsi, ina jin tsoro a raina.

Rana ta goma sha biyu Malam Ya'ƙub ya kwance ya duba. Ƙafar ta kumbura, ƙashi bai kama ba. Ya daɗe yana latsawa, sannan ya ce da Ɗalha ya ɗan ba su wuri. Ni ya bar ni, wai ni na kawo shi.

"Ɗana," ya ce da Muntari, "rad da anka kawo ka, jar marmara nic cire cikin ƙujewar gwiwarka. Ƙasad da anka kawo min baƙa ta. Ban ce komi ba, na ga ko kunya ta. Yanzu kwana ukku nika ba ka. In ƙasar gaskiya ba ta zo ba, in kwance karana, a kai ka asibiti. Abin da sunka ga dama su yi, ko ƙarhe, ko zarto."

Ni na san zarton nan tsoratarwa ce, amma Muntari bai sani ba. Malam ya fita. Muntari ya kwanta yana kallon yatsun ƙafarsa, yana motsa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ban kwana da su. Dillalin albasa da ƙafa yake cin abinci: gona zuwa gona, hawa mota, sauka mota, bin buhu. Ga 'ya'ya shida a gida. Na ce masa rantsuwata tana nan, ba zan faɗa ba, amma in ya bari aka yanke ƙafarsa saboda hula, ba zan sake ɗaukar sa a motata ba ko a but.

"Kira min shi," ya ce.

Ɗalha ya shigo. Muntari ya juya fuska bango ya faɗi komai, da Rijiya, da aduwa, da babur. Na yi zaton Ɗalha zai tausaya. Ya tausaya ɗin, amma sai da ya gama dariya. Ya zauna a ƙasa, ya riƙe ciki, ya tashi ya fita tsakar gida ya dawo, hawaye sharkaf.

"Ƙwan da kac ce shina gangarawa har Tunga, ashe kai na. To ga shi ka hwashe."

"Ka ɗebo min ƙasa dai, Ɗalha."

"Ina ɗebowa. Har hoto nika ɗauko ma, da bidiyo. Hulata kau in wanke ma ita, in sa mata turare."

Washegari da safe na ɗauke shi. Ya yi wa wayarsa caji ta cika, ya sa hular adawa ya karkata ta, ya ɗauko ledar da zai zuba ƙasa. Tun daga Jega har Maiyama yana gwada jawabin da zai yi a bakin ramin. Ni kuma tun ranar da na tsinci Muntari ban sake bin hanyar ba.

Muna karya kwana daga Maiyama sai motata ta yi shiru. Duk wannan kwaramniya da na saba da ita, ta ƙofa da ta salansa, ta ɗauke. Kwalta ce baƙa wuluk, sabuwa, tana warin mai, ta miƙe har inda ido ya tsaya. Can nesa ana hango ƙurar motocin aiki sun doshi Tunga. A cikin kwana goma sha ukun da Muntari ya yi a kwance aka zo aka yi ta.

Ɗalha ya bar jawabi. Ya ce in tsaya. Ya fita ya taka, ya durƙusa ya ƙwarzana da farce.

"Hwenti na," ya ce, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

Muka ƙarasa gindin aduwa. Babu Rijiya, babu alamarta. Ɗalha ya kira Muntari a waya, ya buɗe muryar wayar don in ji.

"Taubashi, akwai magana. An yi hanya."

"Wace hanya?"

"Hanyarka. Kwalta har bisa ramin. An rufe shi."

Na ɗauka za mu ji kabbara. Sai muryar Muntari ta fito a fusace.

"Shekara ukku mutumin ga bai taɓa hanyag ga ba, sai da ƙahwata tash shiga? Wa yas sa shi? Ina gaggawa? Wanga wane irin mulki na, ba shawara, ba sanarwa, ka tashi ka ishe an binne ma ƙasa?"

"A'a, ka hwaɗi gaskiya," in ji Ɗalha. "Mutanen Tunga sun daɗe suna wahala. Aikin kau an yi shi da kyau, har magudanar ruwa..."

Sai ya ji abin da bakinsa yake faɗa. Ya tsaya, ya dube ni, ya kashe wayar. Ni na juya baya ina duba tayar da ba abin da ya same ta.

Ya ce ko mu ɗebi ƙasar gefen hanya, wa zai sani? Na ce Malam ya ce daidai wurin, kuma tsohon da ya gane marmara a gwiwa ba za a yi masa wayo sau biyu ba. Ɗalha ya tsaya yana kallon kwaltar. Saura kwana biyu a wa'adi. Ya je bayan mota ya buɗe jakarsa, ya fito da gatarin da yake sara ƙashin shanu da shi, wanda ba ya rabuwa da shi ko biki za shi.

"Nuna min wurin," ya ce.

Na auna taku bakwai daga gindin aduwa, na yi zane da dutse. Ya ɗaga gatari, sai ya tuna da abin da ke kansa. In wani ya ga mai hular adawa yana fasa sabuwar kwalta, to har Birnin Kebbi sai an ji. Ya cire ya cusa a aljihu. Rana kuwa ta take, ga shi da sanƙo. Hula ɗaya ce ta rage a motar, ta Muntari, wadda ta faɗa ƙarƙashin kujera tun ranar da na kai shi Aliero. Ya ɗauka ya kaɗe, ya ce in laifi ya fito gara ya faɗa kan mutanen Gwamna. Ya kafa ta a ka. Ban ce masa komai game da alkawarin da ya yi a tasha ba, na bar shi da Allah.

Ya yi sara ya kai ashirin kafin kwaltar ta tsage. Yana cikin haka sai ga wani dattijo a kan amalanken shanu, ya ja ya tsaya, ransa a ɓace.

"Kai bawan Allah, mi kaka yi? Shekara ashirin muna jiran abin ga, jiya jiya anka gama, kai kuma kana hwasawa?"

Ɗalha ya share zufa, ya nuna hoton da ke goshinsa.

"Daga ohis anka turo mu, Baba. Kaurinta muka gwadawa, kada ɗan kwangila shi cuce ku."

Fuskar dattijon ta saki. "To madalla. Yaya kag gane ta?"

Ɗalha ya dubi bakin gatarinsa da ya lanƙwashe.

"Kauri gare ta, Baba. Ban taɓa ganin irinta ba."

"Alhamdu lillahi. In ka koma ka gaishe min da Gwamna. Ka ce Auwal na Tunga ya gode."

"Shina ji," in ji Ɗalha.

Ƙarƙashin kwalta akwai tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwa akwai sabuwar ƙasar da aka cika ramin da ita. Ba ita muke so ba, ta gindin Rijiya muke nema. Ɗalha ya ajiye gatari ya kwanta rub da ciki yana tono da hannu, har kafaɗarsa ta shige. Farcensa biyu suka fashe. Ina tsaye ina gadin hanya, ina tunanin abin da zan gaya wa alƙali. Can sai ya ce ya taɓa wani abu. Ya jawo. Takalmin Muntari ne, ƙafar dama, ya cika da jar marmara.

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan kwaltar mai zafi yana riƙe da takalmin, ya ce tun suna yara Muntari ba ya iya riƙe takalmi, kullum shi ke bin sa da ƙafa ɗaya a hannu. Muka mayar da ƙasa da tsakuwa, muka jera ɓaraguzan kwalta a kai yadda muka iya, muka bar wurin.

Ƙasar da ke cikin takalmin ita Malam Ya'ƙub ya karɓa. Ya murza a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya kwaɓa da man shanu ya sake ɗauri. Ya ce sauran sharaɗi ɗaya, kada ƙafar nan ta motsa har kwana arba'in.

Ba ta kuwa motsa ba, domin gardama ta mutu. Ɗalha yana zuwa da romo kullum kamar da. In ya buɗe baki zai taɓa Gwamna sai Muntari ya ce, "Auwal na Tunga na gaisuwa," domin ni ban rantse wa Ɗalha komai ba. In Muntari ya soma yabo sai Ɗalha ya ce, "Ba shawara, ba sanarwa." Sai su koma hirar kokawa, wadda ba ta kai a yi shuri ba. Mutanen Aliero sun ce ƙasar ce ta yi aiki, ni kuma ban yi musu da su ba. Rana ta arba'in aka kwance kara, Muntari ya taka da sanda.

Ruwan farko na daminar bana ya buɗe ramin Ɗalha. Wani ya ɗauki hoto, ya zagaya wayoyin Jega kaf: kwaltar wata biyu ta burma. Ranar inuwar tasha ta cika maƙil, 'yan adawa sun kewaye Ɗalha suna jiran ya yanka, mutanen Gwamna sun kewaye Muntari suna jiran ya kare. Wani ya miƙa wa Ɗalha wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kwaltag ga kauri gare ta. Ku bar ta."

Aka juya ga Muntari. Ya ce, "Ramin ga na gaskiya na. Ni na san shi tun ba a rufe ba."

Mutane suka watse suna cewa an saye su duka biyun, sai dai an rasa wanda ya saya.

Washegari da sassafe Muntari da Ɗalha suka tare ni a tasha da shebur da kwanon sarki. Na kai su gindin aduwa. Ɗalha ya yi ta ɗebo marmara daga gefen hanya yana zubawa, Muntari yana tsaye da sanda yana ba da umarni, suna gardamar ko zaɓe mai zuwa Gwamna zai kai labari. Ramin ya cika ya yi tozo, ana bukatar a danne, ba mu kuma zo da abin dannewa ba. Muntari ya miƙa mini sandarsa. Ya hau kan tozon ya soma taka shi da ƙafar dama, a hankali da farko, sannan da ƙarfi, dim, dim, dim.

Ɗalha yana tsakiyar magana a kan takin zamani, ya bar ta a nan. Ya tsaya da kwanon sarki a hannu yana kallon ƙafar.

"Ƙara takawa," ya ce. "Can gehen bai dannu ba."

Gefen ya dannu sarai, ni ina gani. Muntari ya ƙara takawa.